Ku Bar Yara Su Yi Wasa Da Inuwa

Kwanan baya wata uwa ta same ni a makaranta ranta a ɓace, wai na koya wa 'yarta wasan banza. Laifin yarinyar kuwa shi ne, an ɗauke wuta da dare, ta kunna tocila ta haɗa yatsunta, sai ga kan zomo a jikin bango yana kaɗa kunne. Uwar ta kai mata duka, ta ce mai wasa da inuwa aljanu yake kira. Na ba ta haƙuri, amma ban yarda da maganarta ba.

A ajina, in na ce gobe kowa ya zo da fensir mai launi, wasu yaran gida za su zauna don kunya, iyayensu ba su da halin saye. Inuwa kuwa ba a sayenta. Tun 1968 da aka gama madatsar Kainji ruwa ya ci garuruwan iyayenmu don a samu lantarki, amma har yanzu sau da yawa cikin duhu muke kwana. To, me zai hana duhun ya yi mana amfani?

Kayan aikin kaɗan ne. A ɗaure farin zane a bakin ƙofa, a sa tocila a bayansa. A samo kwalin sabulu a yanka siffar kwalekwale, ko dorina, ko Gizo da Ƙoƙi, a ɗaure a kan sillen kara. Yaran Yauri da Wara da Shanga ba sai an nuna musu kamar jirgin ruwa ba. Akwai wata ɗalibata 'yar masunta, shekara guda ban ji muryarta a aji ba. Ranar da ta ɓuya bayan zane, ita ta ba mu labarin tseren Rigata tun daga farko har ƙarshe. Ita da kanta ta gane in ta matso da kwalin kusa da tocila dorinar ta yi girma, in ta kai shi jikin zane ta ƙanƙance. Watau ta fahimci haske a miƙe yake tafiya, abin da na sha wahalar koyarwa da alli.

Da rana ma haka. A kafa sanda a tsakar gida, yaro ya zana inuwarta da gawayi da hantsi, da tsakar rana, da yamma. Ashe ba da wannan awon kakanninmu suka san shigar Azahar da La'asar ba kafin agogo? Ina aljani a nan?

A Indunusiya da fata ake yanka 'yan wasan inuwa, manya su kwana kallo, har hukumar UNESCO ta karrama wasan a 2003. Na ƙasar Sin ya samu shiga a 2011.

Inda nake goyon bayan iyaye shi ne wajen wuta. Kada a kusanto da aci-balbal ko kyandir kusa da zane, fitilar waya ta isa. Almakashi kuma ya zauna a hannun babba. Ku 'yan makaranta, ku ne za ku yanka wa ƙannenku, amma ku nemi izinin Inna kafin ku ɗauki zanenta.