Ba Laifin Kyamara Ba Ne: Ɗalibin Harshe da Ɗaukar Hoto

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan ne ya sa duk ɗalibin da ya fita bincike a kan sana'a ko biki ko sarauta yake son ya ƙawata kundinsa da hotuna. Sai dai idan mai karatu ya duba kundayen da muke miƙawa, zai ga hotuna masu duhu, wasu sun yi dishi-dishi, wasu kuma ba a gane mutum ne ko kututture. Da an yi magana sai ɗalibi ya ce kyamararsa ce ba ta da kyau. A nawa ra'ayi, mafi yawan lokaci laifin namu ne.

Bari in fara da kaina. A zangon da ya gabata na je wurin wata tsohuwa mai zanen ƙwarya a cikin garin Yola. Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗaki, rana na bayanta. Na ɗauki hotuna fiye da 30, na rubuta sunan kowane zane, na komo Jimeta ina murna. Da na buɗe su a kwamfuta sai na ga baƙar inuwa kawai, zanen ma ba ya fita. Kafin in sake samun zarafin komawa, Allah ya yi mata rasuwa. Sunayen zanen suna nan a littafina, amma ba ni da abin da zan nuna in ce ga wannan, ga wancan.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne, kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. Idan bayan mutum ya yi haske sosai, sai ta rage haske gaba ɗaya, fuska ta yi duhu. Haka take yi wa mai baƙar fata da ya sa farar babbar riga da tsakar rana, kamar yadda muke gani a hotunan hawan salla a ƙofar fadar Lamiɗo. Maganin ba wuya: ka juya yadda rana za ta kasance a bayanka ko a gefenka, ko ka nemi inuwa, ko ka taɓa fuskar mutumin a jikin allon waya don ta auna haske daga nan. A kyamara kuwa akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi, sai ka ƙara kaɗan.

Matsala ta biyu ita ce rawar hoto. Da dare ko a cikin zaure, idon kyamara yana daɗewa a buɗe don ya tara haske. Idan ya wuce ɗaya bisa 60 na daƙiƙa, motsin hannu kaɗan ya isa ya ɓata hoto. Saboda haka ka jingina da bango, ka manne gwiwar hannunka da jiki, ko ka ɗora kyamarar a kan turmi. Ana iya ɗaga lambar ISO, amma idan ta yi yawa hoton zai fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Filasha kuma ba ta kai wa nesa, mita kaɗan ne iyakarta, don haka kunna ta a kan makaɗan da ke can tsakiyar fili ɓarnar batir ce.

Ta uku ita ce ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe kogin Binuwai, ƙura kuma ta kwanta a kan gilashin kyamara. Kada ka goge shi da bakin riga, domin yashi na karce gilashi. Ka fara hure ƙurar, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Haka nan zafin Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a Yola, yana lalata batir, don haka kada a bar kyamara a rana ko a cikin rufaffiyar mota.

Wani zai ce ai da yana da kyamara mai megafiksal da yawa da duk bai sha wannan wahala ba. Ba haka ba ne. Hoto mai inci 4 da 6 ba ya buƙatar fiye da megafiksal 2 da ɗoriya, cikakken shafin kundi kuwa kimanin 9 ya ishe shi. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak na Amurka a 1975, megafiksal 0.01 gare ta, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta ninka ta sau ɗaruruwa. Abin da ya kamata mu kiyaye shi ne zuƙo hoto da yatsa, domin sau da yawa yanka hoton kawai wayar take yi ta buɗa shi. Gara ka taka da ƙafarka ka matsa kusa, bayan ka nemi izinin mai shi.

Bugu da ƙari, hoton da aka ajiye a wuri ɗaya bai tsira ba. Memori na lalacewa, waya na ɓata. A kwafe hotuna a wuri biyu tun a ranar, a rubuta sunan abu da wuri da kwanan wata. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, don kada a matse shi ya rasa inganci.

Daga ƙarshe, ina kira ga malamanmu da su ware ko da awa biyu ne a darasin dabarun bincike don koyar da ɗaukar hoto, kamar yadda ake koya mana naɗar murya da rubuta hira. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ku gwada kyamarorinku a gida, a rana da inuwa da dare, kafin ranar fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kafin ku yi sallama da wanda kuka je wurinsa, ku duba hotunan da kyau. Da na yi haka a ranar, da minti biyu sun isa in roƙi Inna ta juyo ta fuskanci haske. Allah ya jiƙanta, ya sa mu dace.