Ƙananan Tarin Taurari Sun Cancanci Alƙalaminmu

'Yan uwa marubuta, duk lokacin da muka ɗaga alƙalami kan sararin samaniya, wata da rana muke tsayawa. A ganinmu, lokaci ya yi da za mu leƙa can gaba, wurin ƙananan tarin taurari irin I Zwicky 18, wanda haskensa ke shafe kusan shekara miliyan 59 kafin ya iso mana.

Wannan tarin ƙarami ne, amma yana haifar sababbin taurari da sauri, kuma yana fitar da hasken eksire mai ƙarfi, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare wannan haske, shi ya sa sai daga sama ake ganinsa, da na'urori irin Chandra ta Amurka da XMM-Newton ta Turai, waɗanda aka harba a 1999.

Daga ina hasken? Galibi daga taurari biyu masu zagaya juna. Ɗaya ya mutu ya zama baƙin rami, yana zuƙe iskar ɗan uwansa, iskar kuma ta yi zafi na miliyoyin digiri har ta haskaka.

A nan ne tarkon mai fassara yake. Masana suna cewa irin wannan tari yana da ƙarancin "ƙarfe", amma ba ƙarfen maƙera suke nufi ba. Duk sinadarin da ya fi haidurojin da hiliyam nauyi, har da oksijin, ƙarfe ne a bakinsu. Inda waɗannan sinadarai suka yi ƙaranci, manyan taurari ba sa zubar da nauyinsu da yawa, sai su bar baƙin rami mai nauyi, hasken eksire ya ƙaru.

Me ya sa za mu damu? Domin tarin taurari na farko ma haka suke, ba su da waɗannan sinadarai. Masana na ganin haskensu ne ya ɗumama iskar da ta cika sarari a wancan zamani, kuma na'urar HERA a yankin Karoo na Afirka ta Kudu tana neman alamar wannan ɗumi.

In muka rubuta "marasa ƙarfe" muka wuce, mun ɓatar da ɗalibin da ya dogara da mu. Mu fahimci abin tukuna, sannan mu ba shi sunan da Bahaushe zai gane.