Kun Ce Manhajarku Na Da Sauri, To Ina Awon?

Ku masu rubuta manhaja, akwai wani sakaci da kuka mayar al'ada, kuma ya kamata a faɗa muku shi gar da gar. Mutum ya danna alamar manhajarku a wayarsa, ya zuba wa tambarin kamfaninku ido yana jira. A tambaye ku sakan nawa ne tsakanin wannan dannawar da lokacin da zai iya fara aikinsa, sai ku hau kame-kame. Wani ya ce a wayarsa dai ba ta daɗewa, wani ya ɗora wa intanet laifi, wani ya ce ai wayar mutumin ce tsohuwa. Babu wanda zai buɗe rajista ya nuna cewa matakin farko ya ci milisakan kaza, na biyu kaza. Ba ku auna ba, don haka ba ku sani ba, kuma rashin sanin nan ku kuka zaɓe shi.

Da a ce aikin mai wuya ne da an yi muku uzuri. Layi kaɗan ne na rubutu: a duba agogo a farkon kowane mataki da ƙarshensa, a ajiye sunan matakin tare da lokacin. Lokacin da manhaja ta farka, lokacin da ta gama karanta saituna, lokacin da ta buɗe rumbun bayanai, lokacin da ta zana allon farko, sannan lokacin da mai ita zai iya taɓa abu ya amsa masa. Tela ba ya sa almakashi a shaddar mutane sai ya ɗauki awo, amma ku kuna yanka kuna ɗinkawa a kan kirdado, sannan ku miƙa wa dubban mutane.

Kayan awon ma ba ku za ku ƙera ba, an daɗe da ajiye muku su kyauta. Tun daga Android 4.4, tsarin da kansa yake rubuta layi mai kalmar Displayed a cikin logcat, yana faɗin tsawon lokacin da allon farko ya ɗauka kafin ya bayyana. Akwai reportFullyDrawn da za ku kira domin a san lokacin da bayanai suka gama cika allo. Akwai Perfetto da zai shimfiɗa muku abin da kowane sashe na waya yake yi a kowane milisakan. Mai aiki da Linux yana da systemd-analyze, wanda zai jero masa hidimomin da suka fi cin lokaci wajen tashin kwamfuta. Python tun sigar 3.7 tana iya nuna lokacin da kowane ɓangare da aka shigo da shi ya ci. A shafukan intanet akwai performance.mark. Har editan rubutu na Vim yana da zaɓin da ke rubuta tarihin tashinsa mataki-mataki. To mene ne hujjarku?

In kuna ganin ƙaramin abu ne, ku dubi abin da ya faru da wasan GTA Online na kamfanin Rockstar. An fitar da wasan a 2013, kuma shekara da shekaru masu wasa da kwamfuta suna kukan cewa buɗe shi yana cin mintoci. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ake sani da laƙabin t0st, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne kuma ba shi da ainihin rubutun wasan, ya zauna ya auna. A kwamfutarsa buɗewar tana cin kusan minti 6. Ya lura cewa a yawancin lokacin nan faifan ajiya ba ya aiki, intanet ma ba ta jan komai, sashe guda ne na ƙwaƙwalwar kwamfutar yake ta nishi shi kaɗai. Da ya bi sawu sai ya tarar wasan yana karanta wani fayil mai girman kusan megabait 10, mai ɗauke da abubuwa wajen 63,000. Duk lokacin da zai karanta lamba ɗaya, sai ya sake ƙirga tsawon ragowar fayil ɗin har ƙarshe. Bayan haka kowane abu da ya karanta sai ya gwada shi da duk waɗanda suka gabace shi don gudun maimaici, gwaji kusan biliyan 2 da ba a ma buƙata. Da ya gyara wuraren nan biyu, lokacin ya sauko zuwa minti 1 da sakan 50, ragin kusan kashi 70 cikin 100. Kamfanin ya tabbatar da binciken, ya fitar da gyara, ya ba shi dala 10,000. Ku lissafa da kanku yawan rayuwar bayin Allah da ta salwanta a gaban allo cikin waɗannan shekaru, a kan kuskuren da awo na gaskiya zai fallasa shi tun farko.

Darasin da ke ciki shi ne zato ba ya kama ɓarawon lokaci. Duk wanda aka tambaya a lokacin zai iya rantsuwa cewa intanet ce ko yawan hotunan wasan, alhali matsalar tana wani lungu da ba wanda ya leƙa. Masanin kwamfuta Donald Knuth ya yi wannan gargaɗi tun 1974, cewa hasashen masu rubuta manhaja game da inda jinkiri yake yakan ci amanarsu, sai an sa kayan awo. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yau kuna ɓata mako guda kuna goge wurin da ba ya cin komai, kun bar wanda ke cinye rabin lokacin.

Ku kuma da kuke cewa kuna aunawa, da yawanku awon ganin ido kuke yi. Kuna gwaji a waya mafi tsada a ofis, mai cikakken caji da intanet mai ƙarfi, alhali mutanen da kuke nema su sauke manhajar suna riƙe da ƙananan Tecno da itel da Infinix, ma'ajiyarsu ta cika maƙil, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Kuna auna buɗewa ta biyu, lokacin da manhajar tana nan a ƙwaƙwalwar waya, ku ƙyale buɗewar farko bayan an rufe ta gaba ɗaya, wadda ita ce mai zafin. Kuna tsayar da agogo da zarar tambari ya fito, kamar mutum tambari ya zo kallo. Kuna amfani da agogon kwanan wata, wanda waya kan iya gyara shi gaba ko baya a tsakiyar awo, maimakon agogon da ba ya komawa baya. Kuna kawo matsakaicin lissafi ku yi murna, ba ku duba mutum ɗaya cikin goma da ke jira ninkin lokacin sauran ba. Wasu ma kowane layi na rajista sai sun rubuta shi a faifai nan take, awon da kansa ya zama sabon nauyi, maimakon a tara shi a ƙwaƙwalwa a juye shi a faifai bayan an gama tashi. Irin wannan awo ya fi rashinsa haɗari, domin yana ba ku kwanciyar hankalin da ba ku cancanta ba.

Ma'aunin ma ba ɓoyayye ba ne. Google na ɗaukar buɗewar farko da ta kai sakan 5 a matsayin wadda ta wuce gona da iri. Apple ya nemi masu manhaja su zana allon farko cikin milisakan 400. Tun 1993 Jakob Nielsen ya bayyana cewa jinkirin da ya wuce sakan 1 yana katse tunanin mai aiki, wanda ya kai sakan 10 kuma yana kawar da hankalinsa zuwa wani abu. A 2008 injiniyoyin Intel biyu, Arjan van de Ven da Auke Kok, sun nuna ƙaramar kwamfutar Asus Eee PC tana tashi da Linux cikin sakan 5. Yadda suka yi shi ne suka tsayar da adadin tun farko, suka raba wa kowane mataki kasonsa, duk wanda ya wuce kasonsa aka bi shi aka rage. Ba a rabon kaso sai da awo.

Shugabannin aiki, ku ma kuna ciki dumu-dumu. Ku ne kuke cewa a cusa kayan talla, a ƙara na bin sawun masu amfani, a ƙara na wani kamfani, duk su farka tun kafin allon farko, ba ku taɓa tambayar nawa kowanne ya ƙara ba. Yau milisakan 100, gobe 200, cikin shekara manhaja ta yi kiba ba wanda ya san ranar da abin ya fara, saboda ba a ajiye tarihi ba. Wanda ke biyan kuɗin shi ne mai shagon da kwastoma ke tsaye a gabansa yana jiran shaidar shigar kuɗi, da ɗalibin da cajinsa ke ƙarewa. Lokacinsu amana ce a hannunku, kuma kuna wasa da ita.

Saboda haka ku daina shaci-faɗi. Ku sa alamun lokaci a kowane mataki na tashi, ku sayi waya mafi araha da mutanenku ke amfani da ita ku riƙa gwaji a kanta, ku maimaita awon sau da yawa, ku ajiye sakamakon kowace siga kusa da na wadda ta gabata. Ku tsayar da adadin da ba za a wuce ba, kuma duk sauyin da ya ƙetare shi kada ya fita sai an gyara. Wanda ba zai iya nuna waɗannan lambobin ba, bai gama aikinsa ba, kuma ba shi da bakin cewa manhajarsa tana da sauri.