Farantin Sallah: A Saka Cuku, Amma A Ji Tsoron Allah

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Mai Wurno ko a ƙauyukanmu na Jazira ya san cewa mutuncin gida yana kan siniyar da aka ajiye wa baƙo. Tun da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, mun kawo wa Sudan agashe, mu kuma mun koyi cin jibna, wato cukun ƙasar nan.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa dangi. An ƙwace Wad Madani a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma waɗanda suka koma gida da yawansu sun tarar da wayam. Saboda haka ra'ayinmu shi ne kada magidanci ya ci bashi don sayen cukun kanti na ƙasashen waje wai don ya burge surukai. Na gida ya wadatar.

Abu uku sun isa. Na farko farar jibna irin ta Duwaim, a jiƙa ta cikin ruwa mai tsabta don gishirin ya ragu, a yanka ƙanana. Na biyu mudaffara, mai kama da kitso, wadda ake barbaɗa wa habbatus sauda. Na uku mish a ƙaramin kwano. A kewaye su da tumatir, gurji, dabino da burodi, a ɗiga man riɗi. Wanda ɗan'uwansa ya taho masa da busasshen cukun Abzinawa daga Nijar, sai ya ɗora a gefe, a ci da shayi.

To, sauran magana tana kanmu 'yan kasuwa, domin ta hannunmu kayan ke bi zuwa Damazin da kasuwannin kan iyakar Habasha. Ruwan gishirin da ke cikin gwangwani shi ke tsare jibna daga lalacewa a wannan zafi, balle inda wuta ba ta zama. Wanda ya tsiyaye shi don rage nauyin kaya, ko ya sayar da gwangwanin da ya kumbura, cuta ya aika gidan mutane ranar farin ciki. Haka kuma cukun da aka yi da ɗanyar madara, aka fito da shi tun bai kwana biyu ba, yana iya jawo zazzaɓin da ake kira maltiya, mai ɗaukar watanni yana wahalar da mutum, ga asibitoci yaƙi ya raunana su.

Wani zai ce riba ta yi ƙaranci, hanya kuma ta yi tsada. Gaskiya ne. Amma mai saye maƙwabci ne, gobe ma shi zai dawo. Mu tambayi inda aka yi cukun da lokacin da aka yi shi, mu ajiye shi a inuwa cikin ruwansa, wanda ya juya kuma mu zubar.

Allah Ya maimaita mana, Ya dawo da zaman lafiya.