Android ko iPhone: Wayar Nasarawa GRA ba ita ce wayar Kano ba

A majalisun matasan Nasarawa GRA, daga Sultan Road zuwa Lamido Crescent, da wuya a tashi hira ba a taɓa musun Android da iPhone ba. Masu iPhone na cewa tasu ta fi tsaro da kyamara, kuma ba ta faɗuwa warwas idan an tashi sayarwa. Masu Samsung da Tecno na cewa tasu ta fi sakewa, kuma ba ta yashe aljihu.

Da musun ya tsaya a majalisa, da babu damuwa. Amma a wannan unguwa Gidan Gwamnati yake, a nan manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu makarantu da asibitocin kuɗi ke zaune. Su ne ke bayar da kwangilar yin manhaja, kuma galibi da wayar da ke hannunsu suke gwada aikin kafin su biya. Idan ta buɗe lafiya a sabuwar iPhone, shi ke nan, aiki ya yi kyau.

Alhali kasuwa ta daɗe da yanke hukunci. Duk wanda ya zaga Farm Centre ko Beirut Road zai ga Tecno da Infinix da itel ne suka cika shaguna. Dukkan ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen da ke China, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Bai kai nan da ado ba. Ya kawo waya mai layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da ke fito da baƙar fata, da farashin da ɗan adaidaita sahu zai iya tarawa. Duk wayoyinsa na zamani kuma Android ke tafiyar da su.

Irin wannan waya tana da iyakarta. Ma'adanarta ƙarama ce, tuni hotuna da saƙonnin murya na WhatsApp sun cinye ta, kuma mai ita datar kwana ɗaya yake saye. Idan aka ce sai ya sauke manhaja mai nauyi kafin ya biya kuɗin makarantar ɗansa ko ya kama layin ganin likita, an rufe masa ƙofa ke nan ba tare da an faɗa masa ba.

An ga darasin wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira. Manhajojin bankuna da dama sun riƙa sarƙewa, sai masu shayi da masu kayan miya suka koma OPay da PalmPay da Moniepoint. PalmPay, wadda Transsion ya zuba wa jari, tana zuwa a cikin wayoyin kamfanin tun daga kwali. Wanda ya je inda jama'a suke, shi ya kwashi kasuwa.

Tarihi ma na gargaɗin kada a ɗaura aure da waya ɗaya. Akwai lokacin da a GRA ba a tambayar lambar mutum, sai PIN ɗinsa na BlackBerry. WhatsApp ta daina aiki a BlackBerry a ƙarshen 2017, BBM ya rufe a Mayun 2019, Windows Phone ta bi baya. Huawei ya rasa manhajojin Google a sababbin wayoyinsa bayan takunkumin Amurka na 2019. Ko a 2025, WhatsApp ta yi sallama da iPhone 6, wayar da mutane da yawa suka saya a gwanjo don a ce su ma masu iPhone ne. Ba a shawarci kowa a Kano ba kafin a yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce.

Ga matashin da ke koyon haɗa manhaja, lissafin a fili yake. Rajista da Google Play dala 25 ce, sau ɗaya. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, ga buƙatar kwamfutar Mac. Wanda ya fara da iPhone don burge mai bayar da kwangila ya kashe jarinsa a kan 'yan tsiraru.

Za a iya cewa masu iPhone su ne masu kuɗi, kuma ɗan kasuwa inda kuɗi yake yake bi. Gaskiya ne ga mai sayar da turare mai tsada ko gidaje. Amma ko shi ba sai ya zaɓi ɗaya ba, domin kayan aiki irin su Flutter na Google da React Native na Meta suna bayar da damar rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a ɓangarorin biyu. Ita kuwa hukuma ba ta da uzuri ko kaɗan, domin da harajin mai itel da na mai iPhone ake biyan kwangilar.

Don haka ya kamata duk ma'aikata ko makaranta ko asibitin da zai karɓi manhaja ya sa sharaɗi uku a takardar kwangila. Na farko, a gwada ta a kan waya mafi araha da ake sayarwa a Farm Centre, a unguwar da sabis ke wahala, ba a ofis mai intanet kyauta ba. Na biyu, ta zo da Hausa, har da saƙon murya ga wanda karatun boko ke ba shi wuya. Na uku, a bar wata hanya a buɗe, ko shafin intanet mara nauyi ko lambar USSD, saboda masu ƙaramar waya mai madannai.

Apple da Google za su ci gaba da fafatawarsu, kuma kowa na da 'yancin riƙe wayar da ya ga dama. Abin da ke hannun masu yanke shawara a Nasarawa GRA shi ne kada su sa hannu a takardar biyan kuɗi sai manhajar ta buɗe a wayar maigadinsu.