Wane Ne Baƙo A Ƙasar Gobir?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan siyasa game da Sabon Birni da Isa, wai duk fitinar da ta same mu baƙi ne suka shigo da ita daga Nijar, don haka maganinta a toshe kan iyaka, a kori baƙi. Mu kuwa muna cewa wannan magana jahiltar tarihi ce, kuma dabara ce ta zamewa daga alhaki.

Da farko, wane ne ba baƙo ba a Gobir? Gobirawa kansu daga Azbin suka gangaro, suka zauna a Birnin Lalle, kafin su kafa Alƙalawa a ƙarni na 18. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Futa Toro suka taso, shi kuma an haife shi a Maratta, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa masa, sai ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma daga wannan hijira Daular Sakkwato ta tsiro. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa suka nausa arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Sabon Birni ma, Ɗan Halima ne ya baro Tsibiri ya kafa shi.

Ita kuwa iyakar da ake taƙama da ita, Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, suka raba Gobir gida biyu, wa ya zama ɗan Nijeriya, ƙane ya zama ɗan Nijar. Shin layin da 'yan mulkin mallaka suka ja a takarda shi zai yanke zumuncin da Allah Ya ce a sada?

A farin 1973 zuwa 1974 mutanen arewa sun kwararo mana, iyayenmu suka ba su masauki. Yau kuwa reshe ya juye da mujiya. Tun daga 2019 dubun dubatar mutanenmu sun tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, talakawan Gidan Rumji suka buɗe musu ɗakunansu da rumbunansu. Da su ma sun ce a kori baƙi, ina matanmu da 'ya'yanmu za su sa kai?

Ba ma musun cewa makamai suna ratsowa ta kan iyaka. Amma an gwada rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kuma tana rufe aka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a Mayu 2020. An sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, fatake suka karye, kasuwanni suka bushe, ɓarawo kuwa bai fasa bin hanyarsa ta daji ba. Bello Turji ɗan ƙasar Shinkafi ne, maƙwabciyar Isa. A Agusta 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun yi garkuwa da shi. Idan basarake bai tsira ba, ina ga talaka? Ciwon a cikin gida yake: zalunci, da rashin hukunci, da shugabannin da suka bar manomi yana biya wa ɓarawo haraji kafin ya shiga gonarsa.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta tsare rayukan jama'a, ta daina laɓewa bayan baƙi. Muna kira ga limamai da mawadata su kai zakka da sadaka ga waɗanda suka baro ƙauyukansu suka fake a garuruwanmu. Mai gidan da ya tsawwala wa ɗan gudun hijira kuɗin haya ya ji tsoron Allah, ya tuna cewa mutanen Madina raba dukiyarsu suka yi da Muhajirai, shi ya sa ake kiran su Ansaru har gobe.

Allah Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya kuma isar mana a kan azzalumai. Amin.