ZAUREN MU: Kuɗin Kwano Daban, Kuɗin Rufi Daban

 A wannan wata za mu taɓo maganar da takan tashi a kowace zango, daga Nima zuwa Sabon Zango na Ankara, daga Aboabo na Kumasi har Tamale, da zarar hadari ya fara haɗuwa, wato maganar sake rufin gida.

Yawancinmu idan yoyo ya ishe mu, sai mu je kasuwa mu tambayi kuɗin bandir na kwano, mu dawo gida mu ce mun san abin da aikin zai ci. Daga nan ne matsala take farawa, domin kwano kashi ɗaya ne kawai daga cikin abin da za a kashe, kuma ko yawan kwanon ma ba mu cika lissafa shi daidai ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce gini yana da tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 24, wato ƙafa 960 ke nan idan an auna ƙasa. To, amma rufi ba ya tsayawa daidai bakin bango, sai ya zarce da kamar ƙafa 2 ta kowane gefe don kada ruwa ya riƙa dukan katanga, lissafi ya koma 1,232. Rufi kuma a karkace yake, wannan gangara takan ƙara kusan kashi 10 cikin 100. Sannan kowane falle sai ya hau kan ɗan'uwansa, gefe da kai. Kafin a ankara an kai 1,500. Idan fallen mai ƙafa 8 ne da faɗin 2 da rabi, wanda ya auna ƙasa zai sayo falle 48, alhali aikin yana neman wajen 75, kusan bandir 4 ke nan mai falle 20. Sau da yawa mukan zargi kafinta da cewa ya karkatar da kwano, nan kuwa awonmu ne ya gaza tun farko.

Sai maganar kauri. Kwano mai arha sirara ne, kuma mu da muke zaune kusa da teku a Ankara da Tema da Takoradi mun san yadda iskar gishiri take cinye shi da tsatsa. Wanda aka haɗa da alminiyam ya fi tsada, ya kuma fi jimrewa. A tambayi kaurin a milimita, kada a tsaya ga launin fenti.

Amma inda kuɗi yake ɓuya shi ne ƙarƙashin kwano. Ba wanda ya san halin da katako yake ciki sai an yaye tsohon rufi, kuma gidan da ya yi shekaru yana yoyo, da wuya a tarar gara da danshi sun bar katakonsa lafiya. Katakon wawa yana da sauƙin kuɗi, sai dai yana da taushi, ƙwari kuma suna son sa. Ƙaƙƙarfan katako irin su odum kuwa sai mai hali. Ko wanne aka saya, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. A ƙara da ƙusoshi, da kwanon da ake rufe ƙololuwa da shi, da indararo, da kuɗin mota, da ladan kafinta da yaransa, da silin ɗin da ruwa ya riga ya lalata, da wayoyin lantarkin da dole a taɓa. 'Yan'uwanmu na Tamale su ƙara da ƙarfen ɗaure katako a jikin bango, domin guguwar farkon damina takan ɗauke rufi gaba ɗaya. Hukumar NADMO, wadda aka kafa a 1996, takan kai ɗauki idan bala'i ya auku, amma agaji ba ya gina wa mutum rufi.

Tsofaffin gidajen da aka rufe da asbestos, don Allah kada a bar yara su farfasa shi, ƙurarsa tana illata huhu. A jiƙa shi da ruwa, a sauke shi falle falle.

To, wa zai biya? Gidajenmu da dama na gado ne, magada goma, 'yan haya ashirin, kowa yana jiran wani. Wanda yake Jamus ko Amurka ya aiko da kuɗin kwano, aka yaye rufi, sai aka ga babu kuɗin katako, tsofaffi suka kwana ƙarƙashin leda. Shawararmu ita ce a zauna tukuna, a sa kafinta biyu ko uku su hau su duba, kowanne ya rubuta kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. A kan jimlar a ajiye ƙarin kashi 15 ko 20 cikin 100 saboda abin da ba a gani ba. Idan ɗan haya ne zai ba da kuɗi a cire masa daga haya, a rubuta a takarda gaban shaidu.

Kada a cire ƙusa ko ɗaya sai kayan duka sun iso tsakar gida, kuma a yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da sama take a bushe.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.